DAGA BAKIN MURHU: Gwaten Hunturu Da Miyar Italiyawa

To, hunturu dai ya kankama. Mu nan Bauchi tun makon jiya ƙura ta lulluɓe duwatsun da ke kewaye da gari, har hantsi ya yi ba a hango su sosai. Da asuba sai ka ga masu zuwa masallaci kowa ya ƙudundune cikin bargo, mai shayi da mai ƙosai kuwa kasuwarsu ta buɗe. A cikin gidaje tsofaffi na ta fama da tari, yara leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi. Irin wannan lokaci ne ake gane uwargidan da ta san abin da ya kamata ta ɗora bisa murhu.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana kuwa shi ne, ran Talatar da ta wuce na shiga gidan wata maƙwabciyata, yarinya ce da aka kawo unguwarmu bara. Ina yin sallama sai na ji ƙarar murfin tukunya, kafin in ƙarasa tsakar gida ta yi maza ta tura tukunyar bayan turmi. Ba ta sani ba ƙamshin yakuwa da daddawa ya riga ya tona mata asiri tun daga zaure. Bayan mun gaisa na ce mata, "'Yata, me kike ɓoyo haka?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Wallahi Gwaggo, gwate ne. Wata ya yi nisa, maigidan bai sami na nama ba, ni kuwa kunya nake ji a ga abin da muke ci."

Na ce, "Ɗauko kwano ki zubo mini." Na zauna na sha, na kuma nemi ƙari. Da na koma gida maganar ta tsaya mini a rai, gama na san ba ita kaɗai ba ce. Tun daga 2023 da aka janye tallafin man fetur, kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabo, gidaje da yawa nama ya zama baƙo. Sai ga shi abincin da ya fi dacewa da wannan sanyi, ya kuma fi dacewa da aljihu, shi ne muke ɓoyewa bayan turmi. Wanda Kanawa da Zazzagawa ke kira fate, mu da mutanen Jos muke ce masa gwate, an laƙaba masa sunan abincin talaka, har yarinya tana ganin abin kunya ne a same ta da shi. Masu iya magana sun ce tuwon girma miyarsa nama ce, gaskiya ne, amma fa girma suke nufi, ba su ce lafiya ba.

Bari in ba ku wani labari na ƙuruciyata. Muna yara akwai wani tsoho a unguwarmu da muke ce wa Baba Kuku, saboda aikin da ya yi ke nan da ƙuruciyarsa. A tsakanin 1958 da 1964 ne aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Kuru, kusa da Jos, zuwa Maiduguri. Hanyar ta iso Bauchi a 1961, ta kai Gombe a 1963. Kamfanin Stirling-Astaldi ne ya yi aikin, akwai kuwa Italiyawa a cikinsa, to wajensu tsohon nan ya yi aikin dafa abinci. In hunturu ya zo mukan taru a zaurensa jin ɗumi, yana ba mu labarin Turawansa. Wata rana wani yaro ya tambaye shi, "Baba, shin me Turawan nan suke ci ne?" Mu duk mun zaci zai ce kaji da ƙwai. Sai ya kyalkyale da dariya ya ce, "Gwate! In sanyi ya sauka ba abin da suke roƙona sai gwatensu. Wake ne da albasa da kabeji da karas da dankali, a kakkarya taliya a zuba. Suna sha suna lumshe ido suna tuna uwayensu."

A lokacin mun ɗauka ba'a yake yi. Sai da na girma na gane ashe gaskiya ya faɗa. Sunan miyar nan minestironi, kuma yau da wuya ka shiga babban otal a duniya inda ake girkin Italiya ba ka same ta ba. Sunan ya fito ne daga wata kalma tasu mai ma'anar yin hidima, watau zuba wa mutane abinci, kuma tushenta ɗaya da kalmar minista. Ashe tun asali minista mai riƙe da ludayi ne domin jama'a, Allah Ya sa su tuna.

Ita wannan miya ba ta da ƙa'ida guda. Abin da gona ta bayar a wannan wata, shi ake zubawa. Mutanen Milan a arewa shinkafa suke sa mata. Mutanen Jenowa da ke bakin teku sukan daka ɗaɗɗoya da tafarnuwa da cuku da man zaitun su ɗiga a kai. Mutanen Tuskani kuwa busasshen burodin da ya kwana suke jiƙawa a ciki tare da wake da wani baƙin kabeji, washegari su sake tafasawa, har sunan da suka ba ta, ribolita, ma'anarsa wadda aka sake tafasawa. Mu dai ɗumame muka san shi. Italiyawa da kansu suna kiran irin wannan girki da sunan girkin talakawa, amma maimakon su ɓoye shi sai suka rubuta shi cikin littattafai, suka koya wa 'ya'yansu, suka yi alfahari da shi, har ya zama mu ne za mu je otal mu biya kuɗi masu yawa a zubo mana abin da muke jin kunyarsa a gida.

Akwai ma wani abin mamaki. Tumatir da dankalin Turawa da irin waken da Italiyawa suka fi ci yau duk baƙi ne a ƙasarsu, daga nahiyar Amurka aka kawo su bayan tafiyar Kolumbus ta 1492. Tumatir bai shiga rubutun masanansu ba sai a 1544, kuma an daɗe ana kallonsa kamar furen ado kafin a amince a sa shi a tukunya. To, kafin zuwan waɗannan, cikin waken da Rumawan dā suka sani akwai wannan namu mai baƙin ido, wanda asalinsa Afirka ne. Har yau ana noma shi a Italiya, suna ce masa wake mai ido. Nijeriya kuwa ita ce kan gaba a duniya wajen noman wannan wake. Mu ma tukunyarmu haka take, masara da gyaɗa da barkono da kabewa daga Amurka suka zo mana, wake da acca da gauta kuwa 'yan gida ne. Kowace tukunya ta karɓi baƙi ta mai da su nata.

Yanzu sai mu duba abin da ya sa irin wannan abinci ya dace da hunturu. Iskar nan daga arewa maso gabas take tasowa, ta ratso Hamadar Sahara, ta kwaso ƙura daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta sauke mana tun daga ƙarshen Nuwamba har zuwa Fabrairu. Bauchi kuma bisa tudu take, sama da mita 600 daga matakin teku, shi ya sa sanyin dare da na asuba ke da kaifi. Busasshiyar iska ce, tana shanye danshin hanci da maƙogwaro, tana zuƙe ruwan jiki, alhali kuwa mutum ba ya jin ƙishirwa balle ya nemi randa. Tsoho da yaro su suka fi shan wahala, gama su ne ba su cika neman ruwa ba. Abinci mai ruwa-ruwa da zafi yakan shigar musu da ruwa, ya ɗumama ciki, tururinsa ya sassauta hanci. Ba na ce gwate maganin mura ba ne, wanda tari ya matsa masa ko numfashi ya yi masa wuya asibiti ya kamata a kai shi. Amma rigakafi ya fi magani, jikin da ya ƙoshi kuwa ya fi jure wa cuta.

Cikin hikimar Ubangiji, lokacin da sanyi ke zuwa shi ne lokacin da kayan gwate ke arha. Kaka ba ta daɗe da wucewa ba, sabon wake da gyaɗa da masara da kabewa suna nan, acca na shigowa daga wajen Tafawa Ɓalewa da Bogoro. Masu noman rani a fadamu sun fara ɗiban tumatir da tattasai da albasa, motoci na saukowa daga Jos da kabeji da karas da dankali. Duk wadda ta shiga Kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti a 'yan kwanakin nan ta ga yadda kayan lambu suka yi tsibi-tsibi, har da yamma wasu na lalacewa a zubar. Tumatirin da za mu nema ido rufe in damina ta faɗi, yau shi ne ake roƙonmu mu saya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kowane babba ya ci aƙalla giram 400 na ganye da kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a yini. Ban san wata hanya da ta fi tukunyar gwate sauƙin kusantar wannan adadi ba.

Game da rashin nama kuwa, ga abin da masana abinci suka tabbatar. Hatsi yana da abin gina jiki, amma akwai wani ɓangare da ya yi masa ƙaranci, wake kuwa yana da wannan ɓangare a wadace, shi ma abin da ya gaza a gare shi hatsi na da shi. In aka haɗa su tukunya ɗaya sai kowanne ya cike giɓin ɗan'uwansa. Gyaɗa ta ƙara mai da ƙarfi. Wake da ganye suna da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, bitamin C da ke cikin tumatir da tattasai da ganye kuma yana taimaka wa jiki ya tsotse shi. Karas da kabewa da manja suna ba da abin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai kula da ido da fata. Kakanninmu ba su san waɗannan sunaye ba, amma sun san haɗin.

To, ga yadda nake yin nawa, na gida mai mutum 6 zuwa 8. Gwate ne irin namu, sai dai na ɗauko dabaru uku daga wajen Baba Kuku na ƙara a kai.

A tanadi wake gwangwanin madara 2, tsakin masara gwangwani 3, gyaɗa gwangwani 1, manyan albasa 2 da lawashi, karas 3, tumatir 5, tattasai 2, attarugu 2, gauta 4, yankin kabewa, kwatan kabeji, alayyafo ɗauri 2, yakuwa ɗauri 1, sai daddawa da citta da tafarnuwa da gishiri, da man gyaɗa ko manja ludayi guda. In Allah Ya hore ƙashi mai ɓargo a sa, in bai hore ba kada a fasa. Wake in kika shaƙa kika ji warin maganin ƙwari, ki bar shi a kasuwa. Ganye kuwa a wanke shi da ruwan gishiri, a ɗauraye sau biyu ko uku kafin a yanka, gama ba kowane lambu ake ba ruwa mai tsabta ba.

Tun da dare za ki jiƙa waken, da safe ki zubar da ruwan ki sake wankewa, sa'an nan ki ɗora shi da ruwa kamar lita 4, tare da ƙashin in akwai. Na san da yawa cikinmu kanwa muke jefawa don ya yi saurin nuna, amma kanwa tana kashe wani ɓangare na bitamin B da ke cikin wake, jiƙon dare kuwa yana rage lokacin dahuwa da cin itace ba tare da wannan asara ba. Sai ki kiyaye abu guda: kada tumatir ko yakuwa su shiga tukunya kafin wake ya yi laushi. Tsami yana ƙanƙame bayan wake, in kika yi gaggawa za ki ƙona itacen kwana biyu yana nan kamar tsakuwa. Mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa.

Dabara ta farko ita ce suyar tushe. Mu mun saba zuba komai cikin ruwa, su kuwa Italiyawa da yawansu ba sa fara miyar nan sai sun yanka albasa da karas ƙanana-ƙanana, tare da wani ganye mai ƙamshi da ake kira seleri, sun soya su a mai bisa wuta kaɗan. A madadin seleri ni lawashi nake sawa. Ki ɗora wata 'yar tukunya, ki zuba man, ki sa albasa da rabin karas da tafarnuwa, ki rage wuta, ki riƙa juyawa kamar minti 10 har su yi laushi su yi zaƙi, kada ki bari su yi baƙi. Sa'an nan ki zuba jajjagen tumatir da tattasai da attarugu, da dakakkiyar daddawa da citta, ki bar su har ruwan ya tsotse mai ya taso. Wannan shi ke ba da ɗanɗanon da mutum zai rantse akwai nama a ciki. In wake ya nuna sai ki juye suyar a kansa.

Dabara ta biyu ita ce bin girma. Tsohon nan yakan ce tukunya kamar fada ce, babba ke fara shiga. Mai tauri shi ne babba. Bayan wake sai kabewa da sauran karas da gauta, a yanka su daidai wa daida don su nuna tare, da dakakkiyar gyaɗa. In sun yi minti 10 sai ki wanke tsaki ki riƙa zubawa kaɗan-kaɗan kina juyawa da muciya don kada ya yi gudaji, ki rage wuta, ki riƙa leƙawa kada ya kama, zai ɗauki kamar minti 25. In acca ce ki rege ta sosai saboda yashi, ita ba ta kai rabin wannan lokaci ba. Sai kabeji. Yakuwa in tsaminta ya yi yawa ki tafasa ta daban ki tsiyaye ruwan farko. Alayyafo da lawashi su ne ƙananan fada, su ke shiga ƙarshe, minti 5 ya ishe su, ki sauke suna kore shar. Ganyen da aka dafa har ya yi baƙi ya riga ya rasa yawancin bitamin C ɗinsa.

Dabara ta uku ita ce ɗebo ludayi biyu na dafaffen wake da kabewa a dame su a mai da su tukunya, sai romon ya yi kauri ya haɗe jikinsa. Bayan an sauke kuma a rufe a bar shi ya huta minti 10 kafin a raba. Gishiri da magi a yi hattara da su, gama magi ma yawancinsa gishiri ne, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, watau kamar ƙaramin cokalin shayi guda. Wadda ta yi suyar tushe da daddawa yadda ya kamata za ta ga ba ta bukatar da yawa.

Mai sha'awar gwada ta Italiyawa zalla, hanyar ɗaya ce. A bar tsaki da gyaɗa da yakuwa da daddawa, a sa dankalin Turawa 3 tare da kabewa, a ƙara ruwa, in ya rage minti 10 a sauke a kakkarya taliya ko a zuba makaroni cikin tafin hannu biyu. Wasunsu sukan fara suyar da kitsen alade, wannan ba namu ba ne, kuma miyar ba ta dogara da shi ba, su ma da yawa ba sa sa nama ko kaɗan. Sai dai taliya tana shanye romo in ta kwana, saboda haka in ana son ɗumame a dafa ta daban.

Tun da na ambaci ɗumame, to a kula. Gwate ya fi daɗi washegari, amma sanyin hunturu ba firji ba ne. In ba firji a gidan, a tafasa ragowar da dare a rufe, kada a ƙara sa ludayi ko hannu a ciki, da safe a sake tafasa shi har ya yi ɓul-ɓul ko'ina, ba ɗumamawa sama-sama ba. In ya canza wari a haƙura da shi. Haka kuma kada sanyi ya sa a shigar da kaskon gawayi cikin ɗaki a rufe ƙofa da taga, don girki ko don jin ɗumi. Gawayi yana fitar da wata iska marar wari marar launi da ke kashe mutane cikin barci, ga kuma gobara da ke yawaita a wannan lokaci. A gama girki a waje, a kashe wuta kafin a kwanta.

Sauran magana ga masu gida. Yarinyar nan ba ta ƙirƙiro kunyarta ita kaɗai ba. In maigida ya dawo ya buɗe kwano ya yamutse fuska ya ce, "Yau ma gwate?" to shi ya koya mata ɓoye tukunya. In kuwa ya ce, "Sannu da aiki, Allah Ya yi albarka," ya kuma sa aka zuba wa maƙwabci tsoho da almajirin da ke rawar ɗari a ƙofa, to ya ɗaukaka gidansa. Na ga gidajen da ake cin bashi don a sayi kaza saboda baƙo, a bar yara da gaya har ƙarshen wata. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Mu Bauchi da muka iya tallata masarmu da miyar taushe har ƙasar nan duka ta san su, ba mu da dalilin jin kunyar gwatenmu.

Jiya da la'asar sai ga yaro ya yi sallama da kwano a hannu, ya ce amarya ta ce a kawo wa Gwaggo. Na buɗe, gwaten acca ne, ganyensa kore shar, ƙamshin soyayyar albasa na tashi. Na aika mata da godiya, na kuma ce a gaya mata wake ya ɗan rage nuna, ta yi saurin zuba yakuwa. Ta aiko cewa ta ji, ran Juma'a za ta sake, kuma ta gayyaci surukarta.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba yadda ake yanka tumatir da tattasai a shanya su da tsabta tun suna arha, domin ajiyar damina. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu ga bayan wannan sanyi lafiya.